Guntun Gatarinki: Gudun Hijira da Koyon Sana'a a Ƙasarmu, Jiya da Yau

   

Zancenmu na yau tarihi ne, amma irin tarihin da ya shigo har tsakar gidanmu. Na tabbata wadda duk ke zaune a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ta san wannan sallamar: da hantsi ki ji an ɗaga labulen ƙofa, ki ga mace da goyo, wani yaron na riƙe da gefen zanenta, tana tambaya ko akwai wankau, ko surfe, ko dai ragowar tuwon jiya. In kika tambaye ta daga ina, sai ta ambaci wani ƙauye da ɓarayin daji suka tasa. Jiya tana da rumbu da awaki da tukunyar daddawarta, yau tana kwana a kango. Mun saba mu ba ta abin da ya sawwaƙa, mu ce Allah Ya kyauta, ta wuce. To gobe fa? A kan goben nan nake so mu tattauna, mu duba yadda magabata suka yi da masu gudun hijira, da yadda hukumomi suka gwada koya musu sana'a, da kuma abin da ni da ke za mu iya yi ba tare da mun taka ƙofar gida ba.

Kafin mu yi nisa, bari in warware wasu kalmomi da kuke ji a labaran duniya. Wanda tashin hankali ya kora ya tsallaka iyaka zuwa wata ƙasa, ya roƙi a ba shi kariya, kafin a amsa masa sunansa mai neman mafaka. In an amsa, ya zama ɗan gudun hijira a idon doka, bisa yarjejeniyar Janiba ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969. Wanda kuwa ya gudu bai bar ƙasarsa ba, kamar 'yan uwanmu da suka shigo Gusau daga ƙauyuka, shi ma akwai yarjejeniyar da ta tsare masa haƙƙi, wadda aka ƙulla a Kampala a 2009, Nijeriya kuma ta amince da ita a 2012. A takarda sunayensu daban ne, amma a bakin murhu matsalarsu ɗaya: me za a dafa, kuma da me za a saya?

Mu Musulmi ai ba baƙin wannan lamari ba ne, domin kalandarmu ma da hijira ta fara. Lokacin da Sahabbai suka baro Makka zuwa Madina a shekara ta 622, da yawansu hannu rabbana suka iso. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da masu masauki. Abdurrahman ɗan Aufu ya faɗo hannun Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Sai ya yi godiya, ya sa masa albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya shiga ya fara da cuku da man shanu, kafin wani lokaci ya zama cikin manyan attajiran Madina. Ku lura da abu biyu a nan: baƙon ya zo da sanin ciniki a kansa, mai masaukin kuma ya san inda kasuwa take. Da ɗaya ya rasa, da labarin bai zama haka ba.

Mu dawo gida. A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira da jama'arsa daga Ɗegel zuwa Gudu, a 1805 kuma jama'ar ta yi zango a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, tana yarinya ta sha wannan tafiya da yunwarta. Shi kansa Shehu an san shi da tukar igiya don ya ci guminsa. A cikin wannan guguwa ce tsohon birnin malamai na 'Yandoto, a ƙasar Tsafe ta yau, ya faɗi wajen 1806, mutanensa suka warwatsu. Har gobe sarautar Tsafe sunanta 'Yandoton Tsafe. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya baro 'Yandoto da mabiyansa, shi ya kafa Gusau wajen 1811. Bayan haka ma akwai lokacin da hare-hare suka sa mutanen Gusau suka koma Rawayya, a ƙasar Bunguɗu ta yau, suka daɗe kafin su dawo. Kun ji fa, garin da yau ake kwararowa cikinsa neman mafaka, waɗanda suka kafa shi su ma da kayansu a ka suka iso.

Ta yaya aka zaunar da irin waɗannan mutane? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a wasiƙar nasiha da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina kan yadda ake mulki, ya hore shi da ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da sauransu, ya kuma tabbatar kowane gari ya samu nasa. Ita kuwa Nana Asma'u, da ta girma, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajis, wato dattawan mata da ke kai karatu ƙauye-ƙauye, har ga matan da yaƙe-yaƙe suka raba da danginsu. Mace ce ke koyar da mace, a cikin gida, da harshen da take ji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zamanin Turawa ya zo da nasa. Da layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, sai baƙi suka yi ta zuwa cin rani, wasu suka zauna ɗungurungum. Yunwar 1942 ma tsofaffin ƙasar Katsina 'Yar Gusau suke kiranta, saboda nan aka riƙa dosowa neman hatsi. Sai farin 1972 zuwa 1974, lokacin da dabbobin Buzaye suka ƙare suka gangaro garuruwanmu, mazan suka kama gadi, matan suna kitso da sayar da magunguna. Sai kuma yunwar 1984, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El-Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. A duk waɗannan lokuta babu wata makarantar koyon sana'a da aka gina wa baƙi. Inda suka koya shi ne gindin turmin matan gari. Baƙuwa ta fara da taya ki suyar gyaɗa, ta ga yadda ake matsar tunkuza, wata rana ki auna mata tiya biyu bashi, ta yi nata ƙuli-ƙulin, ta biya ki, ta sake ɗauka.

Kada ku raina wannan. A shekarun 1960 wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta ga abin da ya ba ta mamaki: cinikin hatsi da abinci mai yawa a cikin gidaje ake yinsa, a hannun matan kulle, yara na kai da kawowa. Ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Mu dai mun san ba ɓoyayye ba ne, shi ke sayen kayan ɗakin ɗiyanmu, shi ke rufa asiri ranar da maigida ya dawo aljihu wayam.

Koyar da sana'a irin ta hukuma daga baya ta zo. An kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a 1986. A 1987 Hajiya Maryam Babangida ta fito da shirin Better Life na matan karkara, a 1994 Hajiya Maryam Abacha ta kawo shirin tallafa wa iyali, aka buɗe cibiyoyin mata ana koyar da ɗinki da saƙa da yin sabulu da man shafawa. An kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa a 1989. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, ita ma ta kafa Hukumar Zakka da Waƙafi da hukumar yaƙi da fatara. Mata da yawa sun amfana, wata ma tana saurarena yanzu da keken ɗinkin da ta samu tun lokacin. Sai dai an tsara waɗannan shirye-shirye ne don mace mai ɗakin kanta, mai maƙwabta, mai abin kaiwa baki. Ba a tsara su don wadda ta rasa komai a dare ɗaya ba.

Daga wajen 2011 sai irin waɗannan matan suka fara yawa. Abin da ya soma da satar shanu ya rikiɗe ya zama kisa da garkuwa da mutane. A watan Yuni na 2013 an kashe fiye da mutum 40 a Kizara, ƙasar Tsafe. A Afrilun 2014 an kashe fiye da 100 a 'Yargaladima ta ƙaramar hukumar Maru. Ƙauyuka suka yi ta watsewa, mafi yawan mutanensu kuma ba sansani suka tafi ba, cikinmu suka shigo: gidajen dangi, makarantu, kangwaye. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako don a takura ɓarayi, 'yar sana'ar da wasu suka fara lallaɓawa ta sake durƙushewa. Ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ga cire tallafin man fetur a watan Mayun wannan shekarar, farashin komai ya tashi. An ce baƙo raɓa ne, to wannan raɓar ta kwana ta wuni, ta shekara goma har da ɗoriya.

Wasu kuwa arewa suka nufa, suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar. Maraɗin nan ma garin hijira ne, domin sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka zauna can, shi ya sa sarkinsu Sarkin Katsinan Maraɗi, namu Sarkin Katsinan Gusau. A Satumbar 2019 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun shiga Nijar cikin wata goma, a Afrilun 2020 kaɗai kuma wajen 23,000 suka ƙaru, akasarinsu mata da yara. A 2020 gwamnatin Nijar ta amince da su a matsayin 'yan gudun hijira a dunƙule, ba sai kowa ya kare kansa ɗaya bayan ɗaya ba. Maimakon a killace su a sansani, sai aka matsar da wasu nesa da iyaka aka zaunar da su jikin ƙauyukan Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Chadakori, ana amfani da ruwa ɗaya, makaranta ɗaya, asibiti ɗaya da 'yan gari. A Garin Kaka matan gari da baƙi suka haɗu a ƙungiya guda suna fitar da man gyaɗa suna sayarwa. Hikimar ita ce, in baƙuwa kaɗai aka ba jari 'yar gari na kallo, an shuka gaba. In tare suke ci, 'yar garin da kanta za ta nemo mata masu saye.

A ƙasar Maraɗin nan dai aka haifi wata dabara da duniya ta ara. A 1991 ƙungiyar CARE ta zauna da matan karkara suka gyara adashin da muka gada, suka sa masa suna Mata Masu Dubara. Mata kamar 15 zuwa 30 ke haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da za ta iya a cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban, akwatin na hannun ta huɗu. Wadda ke buƙatar jari ta ranta ta biya, akwai kuma wani ɗan asusu na taimako in rashin lafiya ko rasuwa ta faɗo. In shekara ta zagayo a fasa a raba. Ba banki, ba takardar gida, ba kuɗin Bature a ciki. Yau miliyoyin mutane a Afirka da Asiya na bin wannan tsari, asalinsa kuwa matan Hausa ne irinmu. A wurare da yawa na Musulmi mata sun daidaita shi yadda ba za a shiga kuɗin ruwa ba, mu ma sai mu tambayi malamai mu yi namu a kan tsarki.

To me ya sa wani horon ke kama ƙasa, wani kuma ya bi ruwa? Bari in ba ku abin da na gani da idona. Na taɓa zuwa ɗaukar rahoton wani bikin yaye mata 'yan gudun hijira. Aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna, aka miƙa wa kowace keken ɗinki da takardar shaida, muka tafa. Bayan 'yan watanni na yi kiciɓis da ɗaya daga cikinsu tana bara. Na ce, "Baiwar Allah, ina kekenki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, yara sun kwana biyu ba su ci ba. Ba ni da kuɗin zare, ba wanda ya san ni balle ya kawo mini ɗinki, ɗakin da muke kwana ko ƙyaure babu. Na sayar." Wallahi ban iya ce mata komai ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wannan darasi ne wata ƙungiya ta ƙasar Bangaladash mai suna BRAC ta gano, ta fito da tsarinta a 2002. Ba ta tsaya ga koyarwa kaɗai ba. Za a ba mace abin sana'a, ko akuya ko kayan ciniki, a koya mata yadda ake juya shi, a ba ta ɗan abinci ko kuɗin cefane na wasu watanni don kada yunwa ta sa ta cinye jarin, a sa ta cikin ajiya, sannan a riƙa leƙa ta a kai a kai har wajen shekara biyu. Masana sun gwada tsarin a ƙasashe shida, cikinsu har da Gana da Habasha, a kan gidaje fiye da 10,000, suka fitar da sakamako a 2015. Shekara guda bayan an janye tallafi, mafi yawan gidajen suna ci fiye da da, dukiyarsu kuma ta ƙaru. Inda abin bai yi kyau ba shi ne ƙasar Honduras, don mafi yawa kaji suka karɓa, cuta ta shigo ta kwashe su. Duk wadda ta taɓa asarar kaji lokacin hunturu ta san wannan zafin. Ashe ko zaɓen sana'ar ma sai an duba wuri da lokaci. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma ta ɗauki wannan tsari tana aiki da shi a ƙasashe da dama.

Sai dai kuɗin ƙungiyoyin waje ba abin jingina ba ne. A 2025 Amurka ta zaftare tallafin da take bai wa ƙasashen waje, ta rufe hukumarta ta USAID, ayyukan agaji da yawa suka tsaya cik. Buhun agaji yana zuwa yana yankewa. Shi ya sa iyayenmu suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yanzu ke uwargida, duba abubuwan nan da masana suka lissafa: koyarwa, ɗan jari, abinci kafin sana'a ta kama, ajiya, kulawa, da masu saye. Wanne ne babu a gidanki? Kin iya awara, ko taliyar murji, ko daddawa, ko turaren wuta, ko ɗinkin hula. Kina da turmi da kasko da inuwa. Kina cikin adashi. Masu sayenki sun san ƙofarki. Abin da babbar ƙungiya ke kashe miliyoyi ta haɗa, ke kina da ƙaraminsa a tsakar gida.

Ga shawarata. Da farko ki nemi izinin maigida, ku kuma sanar da mai unguwa, don a san wadda ke shigowa, zamanin ya zama na taka-tsantsan. Ki ɗauki mace ɗaya tak, wadda kika ga natsuwarta. Kafin ki koya mata komai ki tambaye ta abin da take yi a garinsu, sau da yawa za ki tarar ta fi ki iya kaɗa daddawa ko kiwon tumaki, jari ne kawai babu. Ranar da ta taya ki aiki ki biya ta ladanta cikakke, ta ci ta kai wa yara, kada ganin tana cikin buƙata ya sa a mayar da ita baiwa, Allah na kallo. In hannunta ya faɗa, ki auna mata kaya bashi maimakon tsabar kuɗi, ko tiya biyu ta waken suya ce. Ki koya mata raba uwar kuɗi da riba: uwar kuɗi a ƙulle ta daban ba a taɓawa ko da baƙi sun zo, riba kuma a kasa biyu, rabi cefane rabi ajiya. Ki tsaya mata wurin uwar adashi a karɓe ta ko da rabin zubi ne. Kada kuma ku yi sana'a iri ɗaya a layi ɗaya ku kashe wa juna kasuwa. In ke kina ƙuli-ƙuli, ita ta yi yajin ƙuli ko ta sayar da man. Batun talla kuwa, ɗiyar baƙuwa ba ta san gari ba, ba ta da mai tsaya mata, ita ce ta fi shiga haɗari. Gara a haɗa ta da dillaliya ko mai shagon unguwa, yarinyar ta tafi makaranta.

Masu hali cikinmu, in lokacin fitar da zakka ya yi, ku tuna da cewa zakkar da ta zama jari ta fi wadda aka cinye rana ɗaya daɗewa tana amfani. Hukumomi da ƙungiyoyi kuma da ke saurarenmu, muna roƙo: kafin a raba keke a tambayi mace abin da ta iya da inda take kwana, a haɗa da 'yan gari cikin horon, bayan biki kuma a koma a duba.

Na san wata za ta ce, "Ni ma da ƙyar nake sha." Gaskiya ne, 'yar uwa, ba a ce ki ɗauki abin da ya fi ƙarfinki ba. Amma ki tuna matan Rawayya da suka matsa wa mutanen Gusau wuri, su ma ba attajirai ba ne. Matar nan da ke sallama a ƙofarki, bara waccan ita ce ke ba baƙo fura a garinsu. Burinmu zaman lafiya ya dawo kowa ta koma ɗakinta, ranar da za ta koma kuwa, ta tafi da sana'a a hannu da ɗan abin da ta tara.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu. A nan zan dasa aya.